Dukansu C18 ne, to me ya sa sabon kolom ya ba ni wani sakamako daban?

Tambayar da ɗan uwanmu ya turo a taƙaice ita ce: suna auna maganin mura mai farasitamol da kafeyin da kulofeniramin a na'urar HPLC mai raba sinadaran da ke cikin samfur, kolom (bututun ƙarfen da rabuwar ke faruwa a cikinsa) C18 mai tsawon milimita 250 da faɗin 4.6, ƙwayar ciki maikuron 5, ruwan da ke gudana metanol ne da bafan fosfet (ruwan gishirin da ke riƙe pH a wuri ɗaya) pH 6.8. Tsohon kolom ya gaji suka sayo na wani kamfanin, girma ɗaya, shima C18. Farasitamol bai wani motsa ba, kafeyin ya ɗan ƙara jinkiri, amma kulofeniramin ya tafi can nesa kuma fik ɗinsa, wato tsinin da na'ura ke zanawa in sinadari ya fito, yana jan wutsiya. Yana tambaya ko jabu aka sayar musu, kuma ta yaya ake gane kolom biyu iri ɗaya ne.

Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya daga yadda ka bayyana abun ban ga alamar jabu ba, abin da na gani shine kolom biyu masu suna ɗaya amma fuskar silikarsu ba ɗaya bace, kuma maganinka mai sinadarai uku ɗinnan ya riga ya gaya maka inda bambancin yake, saura kawai ka karanta.

C18 da ka gani a jikin kwali abu ɗaya kacal yake gaya maka, wato an ɗaura sarƙar kabon mai tsawon 18 a jikin silika, ƙwayoyin da aka cusa a cikin kolom. Kamar kaje kasuwa kace a baka shadda ne, sunan ɗaya amma zaren da saƙar da rinin kowa da nasa. Littafin magunguna na Amurka, USP, duk ya tara su a rukuni ɗaya da yake kira L1, kuma kolom ɗaruruwa ne acikin L1 ɗin. Dubi misali, Hypersil ODS faɗin fuskar silikarsa kusan murabba'in mita 170 ne a kowane giram, kabon ɗinsa kashi 10, shi kuma Luna C18(2) murabba'in mita 400 ne, kabon kashi 17.5, to dukansu L1 ne, dukansu zaka samesu a 250 da 4.6, amma ba mai hankalin da zai ce zasu riƙe samfur iri ɗaya.

Amma kafin mu ɗora wa kolom laifi bari mu fara wanke na'urar da hannun mai aiki, don sau da yawa anan matsalar take. Kolom ɗinku yana cikin oben ko a fili yake rataye? In a fili yake to ka sani duk digiri 1 da zafi ya ƙaru lokacin fitowa yana raguwa da kashi 1 zuwa 2, kaga a ɗakin gwajin da in an ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗaki take tsayawa, tsakanin safe da azahar a watan Afrilu kaɗai zaka iya ganin fik ya yi tafiyar da zata tayar maka da hankali. Sai haɗa ruwan, wani zai auna metanol daban bafa daban ya haɗa, wani zai zuba metanol a kwalbar awo ya cika da bafa zuwa layi, waɗannan ba ruwa ɗaya bane saboda metanol da ruwa in sun haɗu suna ɗan tsukewa. pH kuma a bafa zalla ake aunashi kafin a zuba metanol. Sannan ka bar sabon kolom ya sha ruwan sosai, aƙalla cikinsa 10 zuwa 20, kuma kolom irin naka cikinsa kusan mililita 2.5 ne, wato a gudun mililita 1 a minti kana maganar rabin awa zuwa kusan awa. Abu na ƙarshe shine bakin bututu, zurfin ramin da bututu ke shiga a kan kolom ba ɗaya bane tsakanin kamfanoni, in ka ɗaura tsohon ferul, ɗan zoben nan na ƙarfe, da ya riga ya ciji bututu a sabon kolom zai iya barin ɗan fili a ciki. Sai dai wannan duk fik ɗin yake lalatawa, musamman na farko farko. Kai kuma kace kulofeniramin kaɗai ke jan wutsiya, to wannan magana ce ta kemistiri ba ta famfo da bututu ba.

Sannan dan Allah ka daina kwatanta minti da minti. Ka saka yurasil ko tayoyuriya, abin da kolom baya riƙewa, lokacin da ya fito shine t0, a kolom ɗinka zai kama wajen minti 2.5. Sai ka lissafa k na kowane fik, lokacin fitowarsa a cire t0 a raba da t0. Fik ɗin da ya fito a minti 10 k ɗinsa 3 kenan. Sai kuma alfa, k na fik na baya a raba da k na wanda ya gabaceshi. Waɗannan biyun sune harshen da ake kwatanta kolom dashi, don basu damu da tsawon kolom ko gudun ruwa ba. Kuma a cikinsu alfa ce mai tsada. In k ya canza duka fik sun matsa tare, wannan mai sauƙi ne, ka ƙara ko ka rage metanol kaɗan, don a ƙananan sinadarai ƙarin kashi 10 na metanol ko asetonaitiril yana rage k kusan ninki 2 zuwa 3. Amma in alfa ta faɗo daga 1.10 zuwa 1.05 rabuwar fik biyun ta ragu kusan rabi, kuma kafin ka dawo da ita ta hanyar ingancin kolom kaɗai sai ka ninka adadin filet N, wato ma'aunin ingancin, kusan sau 4, wato kolom mai tsawon mita guda, wanda ba mai yi.

To yanzu ga ainihin maganar. Fuskar silika cike take da silanol, wato silikon mai riƙe da OH, kusan maikuromol 8 a kowane murabba'in mita. Sarƙar C18 tana da kauri a gindinta, komai ƙwarewar kamfani bazai iya ɗaura fiye da kusan rabin wannan adadin ba, yawanci 3 zuwa 4 ake samu. Ragowar ana bi da ƙaramin sinadari mai metil uku a toshe wasu, shine enkafin da kake gani a takardar kolom, amma ko bayan haka da yawa suna nan a buɗe ƙarƙashin sarƙoƙin. Silanol ɗinnan asid ne mai rauni. A pH 2.5 ko 3 mafi yawansu suna riƙe da haidurojin ɗinsu basu da caji, amma kana hawa zuwa 6 da 7 suna ta sakinsa suna zama negetif. Kuma tsohuwar silika da ake kira nau'in A, wadda ke da ɓurɓushin ƙarfe da alminiyom aciki, silanol ɗinta sun fi tsami, wasu tun a pH 3 ko 4 sun riga sun ɗau caji. Sabuwar silika tsarkakakkiya nau'in B, wadda ta yaɗu daga wajen 1990, ita ta rage wannan fitinar sosai, amma har yau ana sayar da nau'in A saboda tsofaffin hanyoyin gwaji da aka gina akanta.

Ka dubi sinadaranka ɗaya bayan ɗaya. Farasitamol a pH 6.8 bashi da caji, pKa ɗinsa, wato pH ɗin da rabinsa ke ɗaukar caji, wajen 9.5 ne, sarƙar kabon kawai yake gani, shi yasa bai damu da canjin ba, kuma wannan ya nuna ƙarfin riƙon kolom biyun na ɓangaren ƙin ruwa ba nisa tsakaninsu. Kafeyin shima bashi da caji amma yana son ɗaurin haidurojin da silanol ɗin da ba'a toshe ba, in ya ƙara jinkiri farasitamol bai ƙara ba to sabon kolom yafi tsohon buɗaɗɗun silanol. Kulofeniramin kuwa amin ne mai pKa wajen 9.2, a 6.8 kusan dukkansa fozitif ne, sai ya tarar da silanol negetif suna jiransa, wannan musayar ayon ce ta shigo akan riƙon da ka sani, kuma wuraren basu da yawa kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba, wasu ƙwayoyin maganin su maƙale su daɗe wasu su wuce, shine wutsiyar da kake gani da kuma nisan da yayi. Labari ɗaya duka ukun suke bayarwa. Af, kuma tunda kulofeniramin maliyet ne acikin ƙwayar, in kaga wani ƙaramin fik kusa da t0 kar ka ɗauka datti ne, asid ɗin maliyik ne, shima yana shan hasken UV.

Abin da ya kamata ka sani shine wannan karatun da mukayi yanzu da maganin mura, shine dai masana suka mayar gwaji mai tsari. Wanda yafi shahara shine na Nobuo Tanaka da abokan aikinsa a Japan, 1989. A metanol kashi 80 zaka saka fentilbenzin ka ga k ɗinsa, wannan yawan sarƙar kabon da faɗin fuska yake nunawa, sai alfa tsakanin fentilbenzin da butilbenzin waɗanda CH2 ɗaya ne ya rabasu, a C18 yakan kama kusa da 1.5 kuma gaskiya kolom basu cika bambanta anan ba. Sai tirayifenilin da oto-tafenil, girmansu kusan ɗaya amma na farko shimfiɗaɗɗe ne na biyu a murɗe yake, alfarsu tana nuna yadda kolom yake tantance siffa, abin da ke da amfani sosai ga mai raba sitiroyid ko aisoma. Sannan a metanol kashi 30 sai kafeyin da fenol, don auna ɗaurin haidurojin, kaga kusan abin da ke cikin maganinka kenan tunda farasitamol ɗan gidan fenol ne. Na ƙarshe benzilamin da fenol har sau biyu, a pH 7.6 don ganin duka silanol masu caji, da kuma a 2.7 don kamo masu tsamin nan da ko a asid basa hucewa. Kolom na zamani mai tsarkin silika alfar benzilamin da fenol ɗinsa a 2.7 wajen 0.1 ce ko ƙasa, in kaga ta haura sosai to kana riƙe da tsohuwar silika. Daga baya Melvin Euerby da Patrik Petersson sun bi kolom masu yawan gaske da wannan gwajin suka tara sakamakon. Akwai kuma gwajin Engelhardt na Jamus mai amfani da anilin da danginsa, da kuma haɗin SRM 870 na hukumar NIST ta Amurka mai sinadarai biyar, yurasil, toluwin, etilbenzin, kwinizarin da amitiriftilin. Kwinizarin ɗin ƙarfe yake kamawa, in silika nada ƙarfe fik ɗinsa lalacewa yake, wannan mai aiki da tetirasaikilin ko sifurofuloksasin ya kula dashi.

Amma wanda nake ganin zaifi maka amfani yau ɗinnan, ba tare da ka sayi ko kwalba ɗaya ba, shine tsarin Lloyd Snyder da John Dolan da Peter Carr da suka fitar a farkon shekarun 2000. Su sun ɗauki etilbenzin a matsayin ma'auni, suka auna sinadarai 16 a asetonaitiril kashi 50 da bafan fosfet pH 2.8 a digiri 35, suka fitar wa kowane kolom lambobi biyar. H shine ƙin ruwa, S shine yadda sarƙoƙin ke hana ƙaton sinadari kutsawa tsakaninsu, A shine silanol masu bada ɗaurin haidurojin, B shine yadda fuskar ke karɓar ɗaurin haidurojin daga asid, shi yasa yake da girma a kolom ɗin da aka saka amaid acikin sarƙarsu, C kuma shine musayar ayon, kuma shi ana bada shi sau biyu, a pH 2.8 da 7.0. Daga bambancin lambobin nan tsakanin kolom biyu ake lissafa abu ɗaya da ake kira Fs, in bai wuce 3 ba to kusan tabbas zasu baka rabuwa iri ɗaya, in yayi girma sosai to kolom ne daban, wanda shima yana da ranarsa in kana neman wanda zai raba abin da na farko ya kasa. Kolom ɗaruruwa aka auna haka kuma bayanan suna intanet kyauta, har a shafin USP, ka saka sunan tsohon kolom ɗinku zai jero maka na kusa dashi. Sai dai ka kula da abu biyu, ka saka pH ɗinka na gaskiya don C yana canzawa ƙwarai tsakanin 2.8 da 7, sannan ka gaya masa samfurinka nada bes, wato sinadari irin kulofeniramin mai ɗaukar caji fozitif. Wanda samfurinsa bashi da bes zai iya watsar da C gaba ɗaya ya samu kolom da yawa da zasu masa daidai, kai kam C shine kusan komai naka. Kuma ni a ganina Fs jagora ne na sayayya, ba hujja bace, hujja itace ka saka samfurinka ka gani.

Maganar jabu kuma ga yadda zaka kashe ta. Kowane kolom na kirki yana zuwa da takardar gwaji mai lambar kolom da lambar bacin silika da hoton kuromatogiram, ka duba lambar jikin ƙarfen tayi daidai da ta takarda, sannan ka maimaita gwajin da ke takardar da irin ruwan da suka faɗa. In k da matsi sun zo kusa, N kuma ya kusanci nasu, a kolom irin naka wajen 20,000 ake sa rai, to kolom ɗin shine abin da aka ce. Amma ka lura sinadaran takardar nan kusan kullum marasa caji ne irin toluwin da naftalin, don haka kolom zai iya cin wannan jarrabawar da kyau kuma ya ci gaba da jan wutsiyar kulofeniramin. Takardar tana gaya maka an cusa silikar da kyau ne, bata gaya maka halin silanol ba, kuma wannan ne yake ruɗa mutane da yawa suke ta rigima da dillali akan abin da ba laifinsa bane.

Wani abu da ba'a cika faɗa ba, tsohon kolom ɗinku shima ba ma'auni bane. Fosfet a pH kusa da 7, ga zafi, yana cin silika a hankali, kuma dattin samfur yana taruwa a kan kolom yana canza halinsa, to abin da kuka saba gani a watanninsa na ƙarshe ba lallai shine halin sabonsa ba. Ko irinsa sak kuka sayo zaka iya ganin ɗan bambanci. Shi yasa nake roƙon duk ɗakin gwaji, ranar da aka buɗe sabon kolom a haɗa ɗan gwaji na gida, yurasil, toluwin, etilbenzin, fenol, kafeyin da bes guda ɗaya ko amitiriftilin ko kulofeniramin ɗinku, a saka a ajiye hoton da k da N da ma'aunin wutsiya a fayil ɗin kolom ɗin, duk bayan wani lokaci a maimaita. Ba tsada, kuma ranar da abu ya rikice cikin awa ɗaya zaka san kolom ne ko na'ura.

To me zaka yi da wanda ke hannunka? Ya danganta da hanyar gwajin ta waye. In ta littafin magunguna ce ko wadda aka riga aka tabbatar aka yi rajista da ita, hannunka a ɗaure yake, babi na 621 na USP ya yarda ka motsa pH da 0.2 kawai sama ko ƙasa, ƙarfin bafa da kashi 10, da ɗan gyaran zafi da gudun ruwa da yawan metanol, kuma wannan bazai kashe wutsiyar da silanol suka haifar ba, mafita itace ka nemo kolom mai Fs ƙarami ko irin na da. In kuma hanyarku ce ta bincike kuna da 'yancin canzawa, to ka sauko da bafan fosfet zuwa pH 2.5 ko 3, anan fosfet yana da ƙarfi tunda pKa ɗinsa na farko 2.1 ne, silanol zasu yi shiru, farasitamol da kafeyin kusan bazasu motsa ba. Amma ka shirya, kulofeniramin zai dawo gaba sosai saboda zoben firidin ɗinsa mai pKa wajen 4 shima zai ɗau caji, zai iya faɗowa kan ɗaya daga cikin biyun ko ya canza layi dasu, sai ka gyara metanol ko ka koma giradiyen, wato ƙara yawan metanol a hankali yayin da ake gudu. Kar ka tsaya a pH 4 zuwa 5 da fosfet, bashi da ƙarfi a wurin kuma kana kan pKa ɗin firidin, ƙaramin kuskuren awo zai riƙa yawo da fik ɗin. Tsohuwar dabara ta zuba tirayetilamin kaɗan, kamar kashi 0.1, sannan a daidaita pH, tana aiki don shi zai riga maganin zama akan silanol, amma kolom ɗin da ya sha shi ka barshi wa wannan aikin kaɗai, kuma in na'urarku nada MS, mai gane sinadari ta nauyin ƙwayoyinsa, to fosfet ma baya shiga. Hanya ta uku itace hawa pH 10 ko sama inda kulofeniramin zai rasa cajinsa, fik ɗin yakan yi kyau ƙwarai, amma wannan sai kolom na haibirid da aka yi don haka, silika ta gama gari daga pH 8 narkewa take fara yi, kuma farasitamol ɗinka a can zai ɗau caji ya gudo kusa da t0.

Kafin duk wannan ka yi ƙaramin gwaji ɗaya, ka sirka samfurin sau 10 ka sake sakawa. Bes mai caji yana cika kolom da wuri fiye da sinadari mara caji nesa ba kusa ba, in kaga da ka rage yawan fik ɗin ya miƙe kuma lokacinsa ya ɗan ƙaru to lodi ne yayi yawa, ƙara ƙarfin bafa ko rage abin da kake sakawa zai taimaka. Ko da yake a maganin mura kulofeniramin ɗin miligiram 2 zuwa 4 ne kusa da farasitamol 500, don haka nafi zargin silanol, amma gwajin minti 20 ne kuma yana rufe ƙofa ɗaya.

Ka turo min sunan kolom biyun cikakke har da abin da ke bayan C18 ɗin, da t0, da k da ma'aunin wutsiya na fik ukun a sabon kolom da kuma na tsohon daga tsofaffin fayil ɗinku, da zafin da kuke aiki akai, da ƙarfin bafan a milimola, in sha Allahu sai mu duba H da C ɗinsu tare mu ga ko gyaran ruwa zai isa ko sai an canza kolom.